Tambayar da ta gagari fada

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Daren jiya bayan lisha na zauna a wata fada a nan cikin Tawa, inda samari suka shirya kacici-kacici. Buta na kan gawayi, an shimfiɗa tabarma biyu, wani ɗalibi da ya zo hutu daga Yamai ya riƙe takardar tambayoyi yana haska ta da fitilar salula. Sharaɗi guda aka gindaya: ba mai taɓa wayarsa. Wanda ya ci, nasa ne kofin shayi na farko.

Wallahi yaran nan sun burge ni. Babban birnin Brazil? Kafin a rufe baki an ce Brasilia. Kogi mafi tsawo a Afirka? Nil. Da aka zo kan kogin Isa, wani ya ce daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya bi ta Mali, ya ratsa Yamai, ya faɗa teku a Nijeriya bayan tafiyar kilomita wajen 4,200. An ɗan yi gardama kan shekarar da Yamai ta zama babban birni. Wasu suka ce 1960, suna haɗa ta da samun 'yancin kai, sai wani ya gyara musu: tun 1926 Turawan Faransa suka ɗauke mazaunin mulki daga Damagaram. Taurarin fim ɗin Indiya da 'yan ƙwallon Turai kuwa, kamar a gida ɗaya aka haife su da su.

Sai ɗalibin ya karanto wata: wane ne mai shirya fim ɗan Nijar, ɗaya daga cikin na farko a Afirka da suka yi fim na zane mai motsi, wanda ya yi shekaru yana zaune a nan Tawa? Fada ta yi tsit, ba ka jin komai sai tafasar buta. Mutum wajen goma sha biyar, ba wanda ya ɗaga hannu.

Moustapha Alassane ke nan, Allah ya jiƙansa. An haife shi a 1942, ya rasu a Wagadugu a 2015. Ya koyi aikin a hannun Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro sani wajen Norman McLaren, gwanin fim na zane mai motsi. A 1966 ya zana labarin wani kwaɗo shugaban ƙasa da ya tafi ziyarar aiki, a lokacin da ƙasashen Afirka da yawa ba su fitar da fim ko ɗaya ba. Aiki ne na mai haƙuri: ka zana, ka ɗauka, ka ɗan motsa, ka sake ɗauka, sau ɗaruruwa kafin ka samu minti guda. A ƙasashen waje ana nuna ayyukansa ana nazarinsu, mu da ya zauna a cikinmu 'ya'yanmu ba su ji sunansa ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Tambayar da ta biyo ma da ƙyar aka amsa ta. Kowa ya san CCOG, gidan al'adun Yamai mai ɗauke da sunan Oumarou Ganda, amma mutum ɗaya ne ya iya cewa Ganda mai shirya fim ne, kuma shi ya fara ɗaukar babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972.

Ban ga laifin yaran ba, domin da aka shiga kokawa sai fada ta ɗau zafi. A ina aka fara gasar kokawa ta ƙasa da ake cin takobi? A Tawa, a 1975. Wa ya ci? Kantu na Maradi! Har da masu tashi tsaye suna kirari. Ba ɗayansu da aka haifa a lokacin, amma sun sani, saboda kowace shekara rediyo na maimaitawa, makaɗa na waƙewa, dattawa na ba da labari a bakin kasuwa. Da an yi wa Alassane haka, da sun san shi kamar yadda suka san Kantu. Mu ma'aikatan rediyo muna da kaso a wannan sakaci, haka malaman lakol da masu kula da gidajen al'adu. Nuna fim ɗinsa dare ɗaya a filin unguwa ba zai gagare mu ba.

Kafin in tashi na gaya musu cewa Alassane ya yi wani fim na 'yan tsana mai suna Kokoa, inda kwaɗi da sauran dabbobi ke kokawa a fili, ga makaɗa ga 'yan kallo. Wani ƙaramin yaro da ke ta wankin kofuna tun ɗazu ya ɗago kai ya ce, "Baba, a ina za mu gan shi?" Na ce masa zan nemo, kuma da safen nan na fara cigiya.