Carbi mai 'ya'ya 108: yadda mabiya Hindu ke yaƙi da mantuwa

HADIZA: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Malam Kabiru kamar kullum, sai baƙonmu Nura, wanda ya yi shekara huɗu yana karatun haɗa magunguna a birnin Pune na Indiya. Nura, sannu da zuwa.

NURA: Yauwa Anti Hadiza, na gode. Malam, ina wuni?

MALAM KABIRU: Lafiya lau Nura. Ka dawo mana da Indiyanci ko ka baro shi can?

NURA: Kaɗan-kaɗan dai Malam, na cefane da na faɗa da direban keke.

HADIZA: To ni abin da ya jawo wannan hira, mun taso muna ganin tsofaffi a finafinan Indiya zaune gaban fitila, baki yana motsi, hannu yana jan wani abu kamar carbi. Ban taɓa tsayawa na tambayi me suke faɗa ba. Kafin mu shiga, Malam, ka yi mana shimfiɗa, don na san saƙonni za su zo.

MALAM KABIRU: Za su zo kam. Mu dai bayani muke yi na abin da mutanen suka yarda da shi, kamar yadda su suke faɗarsa. Sanin abin da maƙwabcinka yake yi ba bin sa ba ne. Shi ke nan shimfiɗar.

HADIZA: Nura, ka ce ka gani da idonka.

NURA: Kullum ma. Gidan da na yi haya, mahaifiyar mai gidan tana nan, ta haura tamanin. Ni ina tashi sallar asuba, ita ta riga ni. Akwai wani lokaci da suke kira brahma muhurta, kusan awa ɗaya da rabi kafin fitowar rana, shi suke ganin ya fi dacewa da ibada. Sai in hango ta a baranda, ta lulluɓa da mayafi, hannunta na dama cikin wata 'yar jaka ta yadi da ta rataya a wuya, yatsa ɗaya kawai ya leƙo waje. Watan farko wallahi na ɗauka ciwo ta ji a hannun.

HADIZA: Ashe carbi ne a ciki.

NURA: Carbi ne. Mala suke ce masa, jan sa kuma japa. 'Ya'yansa 108, sai wani babba guda a wurin ƙulli da suke kira meru, wanda ba a ƙirga shi kuma ba a tsallake shi. In ka zo kansa sai ka juya carbin ka koma ta inda ka fito. Da babban yatsa da na tsakiya ake ja. Manuniya ba ta taɓa shi, shi ya sa take waje.

HADIZA: Laifin me ta yi?

NURA: Jikar tsohuwar ta ce mini ita ce yatsar nuna mutane da zargi, ita ce ta "ni ne wane". Girman kai ke nan, ba a son sa a wurin ambato.

MALAM KABIRU: Kuma daga itacen carbin za ka gane ɗan wane ɓangare ne. Masu bautar Vishnu, da Krishna da Rama, suna amfani da itacen tulsi, 'yar'uwar ɗoɗɗoyarmu ce. Masu bin Shiva kuwa ƙwallon rudraksha, mai kaushi kamar busasshiyar magarya.

NURA: Nata na tulsi ne, ya sha hannu har yana sheƙi.

HADIZA: To me take faɗa?

NURA: Sunan Vitthal, wato yadda mutanen jihar Maharashtra suke kiran Krishna. Wani kuma Ram, Ram kawai zai yi ta faɗa. Wani "Om namah Shivaya". Galibi malaminka, guru, shi zai ba ka kalmar da za ka riƙe.

HADIZA: Kamar yadda ake karɓar wuridi a wurin shehi.

MALAM KABIRU: A siffa, e, akwai kama. A abin da ake nufi kuwa, za mu zo wurin, don nan ne hanya ta rabu. Amma bari mu fara da dalilin yin sa. A wurinsu babban ciwon ɗan Adam mantuwa ce. Suna cewa akwai atman, ainihin ran mutum, wanda ba ya haihuwa ba ya mutuwa, amma mutum ya manta da shi ya ɗauka shi ne wannan jikin, da sunansa, da muƙaminsa. Wannan jahilcin suke kira avidya, kuma shi ne a ganinsu yake sa rai ya yi ta dawowa duniya haihuwa bayan haihuwa. Tunda ciwon mantuwa ne, maganin sai ya zama tunawa, smarana. A cikin Bhagavad Gita, littafinsu mai tsarki mai babi 18 da baiti 700, jarumi Arjuna ya yi wa Krishna kukan cewa zuciya ta fi iska wuyar kamawa. Aka ba shi amsa da abu biyu: naci, da rage kwaɗayi.

HADIZA: Wannan kukan ai kowa ya san shi. Ka ta da kabbara, zuciya ta tafi kasuwar Kwari.

MALAM KABIRU: To kin gani. Carbin turke ne. Harshe yana aiki, yatsa yana aiki, kunne yana ji, duk don a ɗaure akuyar nan wuri ɗaya. Har mataki uku suka yi masa: na bayyane da murya, na raɗa wanda leɓe kawai ke motsi, sai na zuci, kuma na zucin suka ɗauka mafi daraja. A babi na takwas na littafin an ce abin da mutum ya tuna a lokacin fitar rai, can zai nufa. Don haka tsohuwar Nura atisaye take yi na shekara da shekaru saboda numfashi ɗaya na ƙarshe.

NURA: Shi ya sa in an ɗauki gawa a arewacin Indiya za ka ji masu rakiya suna "Ram nam satya hai", wato sunan Ram shi ne gaskiya. Ko a wurin da aka ƙona gawar Gandhi a Delhi, bayan an harbe shi ranar 30 ga Janairun 1948, abin da aka rubuta a kan dutsen shi ne "He Ram", wato "Ya Ram".

HADIZA: Wai akwai adadi, ko iya ƙarfinka ne?

NURA: Ya danganta. 'Yan Hare Krishna, ƙungiyar da Prabhupada ya kafa a New York a 1966, in ka yi mubaya'a ka ɗauki alkawarin zagaye 16 kullum. Ki lissafa, 16 sau 108, ya ba ki 1,728. Kusan awa biyu yake ci. Asalin hanyarsu daga Chaitanya ne, mutumin Bengal da aka haifa a 1486, wanda ya fitar da ambaton daga ɗaki zuwa titi, da ganga da rawa. Akwai kuma masu rubutawa. Su cika littafi da sunan Ram, shafi bayan shafi, har a birnin Varanasi akwai inda ake kai littattafan ajiya, banki ma suke ce masa.

HADIZA: Banki! Da riba?

NURA: Ribar sai a can, in ji su. Amma abin da ya fi girgiza ni shi ne wani tattakin ibada da suke kira wari. Duk shekara da damina, wajen Yuni zuwa Yuli, dubban ɗaruruwan mutane suna takawa a ƙafa daga garuruwan Alandi da Dehu zuwa Pandharpur, inda babban ɗakin bautar Vitthal yake, tafiyar kusan kilomita 250, wajen mako uku. Suna ɗauke da takalman waliyyansu biyu, Dnyaneshwar da Tukaram, a cikin wani keken da aka ƙawata. Ta cikin Pune suke ratsawa, gari ya tsaya cak. Manoma ne akasari, maza cikin fararen kaya da 'yan kuge a hannu, mata da tukunyar tulsi a ka, ruwa yana dukansu, suna ta kiran suna ɗaya. Ranar na makara lacca, don ba ta inda zan tsallaka titi. Wani dattijo ya miƙo mini ayaba, bai tambaye ni ko ni waye ba.

HADIZA: To Malam, mu zo inda ka ce hanya ta rabu. In mutum ya tuna ɗin, me zai tarar?

MALAM KABIRU: Nan su kansu ba su daidaita ba, kuma wannan ne abin da mutanenmu ba su cika sani ba. Ana ɗauka Hindu abu ɗaya ne dunƙule. Akwai wani labari a cikin Chandogya Upanishad, ɗaya daga tsofaffin littattafan addininsu. Uba mai suna Uddalaka ya ce wa ɗansa Shvetaketu ya zuba gishiri a ruwa ya dawo da safe. Da safe ya ce ɗauko mini gishirin. Yaro ya laluba, babu. Ya ce kurɓi ta wannan gefen. Gishiri. Ta tsakiya. Gishiri. Ta wancan gefen. Gishiri. Sai uban ya ce haka asalin komai yake, ba ka ganinsa amma yana ko'ina, sannan ya faɗi kalmomi uku, "tat tvam asi", ma'ana kai ne Shi ɗin.

HADIZA: Kai! Wannan magana da nauyi take.

MALAM KABIRU: Da nauyi ƙwarai, kuma a kanta aka yi ɗaruruwan shekaru ana muhawara. Wani babban malaminsu, Shankara, wajen ƙarni na takwas, ya ce a ɗauke ta yadda take: atman da Brahman, wato asalin komai, abu ɗaya ne, rabuwar da ake gani ruɗi ne. Ramanuja, a ƙarni na 11 zuwa na 12, ya ce a'a, rai yana jingine da Ubangiji kamar yadda jiki yake jingine da rai, haɗe suke amma ba ɗaya ba. Madhva kuma a ƙarni na 13 ya ce bawa bawa ne har abada. Shi har jimlar ya sake yanka ta, ya karanta ta "atat tvam asi", kai ba Shi ba ne. Harafi ɗaya ya ƙara, magana ta juye.

NURA: Malaman nahawu ko'ina halinsu ɗaya.

MALAM KABIRU: Ka bar su kawai. Masu bin hanyar ƙauna, bhakti, suna da wani zance da nake jin daɗinsa: ni so nake in ɗanɗani sukari, ba in zama sukari ba. In ka narke ka zama Shi, wa zai so wa?

HADIZA: To a nan mu Musulmi muna ina?

MALAM KABIRU: Mu a wurinmu Mahalicci daban, halitta daban, babu abin da ya yi kama da Shi, kuma ba ma ambato ta hanyar gunki ko siffa. Don haka maganar Shankara ba ta da mazauni a tauhidinmu, kuma ko Madhva da ya raba bawa da Ubangiji, Vishnu yake nufi, da siffofinsa da saukowarsa duniya. Wanda ya ce duk ɗaya ne, bai yi wa kowane ɓangare adalci ba. Abin da na yarda mun haɗu a kai shi ne gano ciwon. Mu muna ce masa gafala.

HADIZA: Su mabiya Shankara, su ma carbin suke ja?

MALAM KABIRU: Da yawa suna ja, a matsayin share fage. Amma akwai hanyar da ba ta bukatar carbi. Wani malaminsu, Ramana Maharshi, yana ɗan shekara 16, a 1896 a garin Madurai, tsoron mutuwa ya kama shi haka kawai. Sai ya kwanta ya sandare kamar gawa, ya tambayi kansa: to jiki ya mutu, ni fa? Bayan 'yan makonni ya bar gida ya tafi dutsen Arunachala a Tiruvannamalai, bai bar wurin ba har rasuwarsa a 1950. Koyarwarsa tambaya ɗaya ce: wane ne ni? Duk tunanin da ya taso, kada ka bi shi, ka tambaya wa ya zo wa. Ka yi ta bin sawun "ni" ɗin har inda ya fito. Wasu kuma numfashi suke bi, shiga da "so", fita da "ham", wai "ni ne Shi", suna cewa jiki da kansa yana wannan ambaton sau 21,600 a dare da yini, mai shi ne kawai ba ya saurare.

NURA: Tsohuwata dai ba ruwanta da wannan falsafar. Na taɓa sa jikarta ta tambaye ta ko tana fatan zama ɗaya da Vitthal. Ta kalle ni kamar na zage ta. Ta ce ita dai ta je Pandharpur ta dafa ƙafafunsa, ya ishe ta.

HADIZA: Ta san kai ma kana da carbi?

NURA: Ta gani. Wata rana na fito da shi a hannu bayan asuba, ta yafito ni, ta karɓa ta ƙirga da kanta ɗaya bayan ɗaya. Ta kai 99 ta tsaya, ta sake ƙirgawa. Sai ta ce wa jikarta a faɗa mini wanda ya sayar mini ya cuce ni, tara sun ɓace.

MALAM KABIRU: Ka yi mata bayani?

NURA: Na yi, na ce sunaye 99 ne a wurinmu. Ta gyaɗa kai, ta ce to ba laifi, amma in riƙa tashi da wuri, don kullum tana zagaye na huɗu kafin ta ji motsin butata.

HADIZA: Ka ji kunya dai. Jama'a, lokaci ya cinye mu. Malam Kabiru, Nura, mun gode. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

NURA: Na gode Anti.

MALAM KABIRU: A huta lafiya.