Ina Iska Ta Nufa? Lacca Kan Haɗa Maganin Allura Da Na Ciwon Daji

An rubuto daga rikodin laccar da aka yi wa ɗaliban harhaɗa magunguna a Zariya.

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla.

Duk wanda ya shiga ɗakin haɗa magani, ya fara tambayar kansa: wa ake karewa a nan? Idan ruwan da za a ƙara wa jinjiri ta jijiya kake haɗawa, maganin ake karewa daga gare ka. Numfashinka, fatarka, ƙurar hunturun Samaru da ka kwaso a hula, duk abokan gaba ne. Shi ya sa ake tura tatacciyar iska cikin ɗakin har ta fi ta waje ƙarfi, in an buɗe ƙofa sai dai ta fita. Matatar iska da ake kira HEPA tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙura mai girman maikuron 0.3 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma cikin akwatin aiki, wato inda ake haɗa maganin, ana son tsabta ta kai matakin ISO 5 a ma'aunin tsabtar iska. Amma wallahi hannu ɗaya yana rushe wannan duka. Ka sa shi tsakanin matata da bakin kwalba, ka tare iskar farko ke nan, wato tatacciyar iskar da ta fito daga matata ba ta taɓa komai ba. Ka goge robar kwalba da alkohol mai kashi 70, ka jira ta bushe kafin ka soka allura. Masu gaggawa nan suke faɗuwa.

Kada ku ɗauka tsoratarwa ce. A 2012 wani kamfani a jihar Masacusets ta Amurka ya raba allurar ciwon baya da fumfuna a ciki. Sama da mutum 750 suka kamu, sanƙarau ya kama da yawa, fiye da 60 suka rasu. Amurka fa, ba Tudun Wada ba.

To maganin daji, irin su cyclophosphamide da methotrexate, da doxorubicin ɗin nan ja, lissafi ya ƙaru: kai ma sai an kare ka. Ɗakin yana zuƙo iska ciki, a fitar da ita waje ta bututu. Akwatin da ke huro iska fuskar ma'aikaci haramun ne a nan, guba zai shaƙa. Safar hannu biyu, a sauya duk minti 30, riga mai rufaffen gaba. 'Yan'uwana mata, mai juna biyu ko mai shayarwa ta faɗa wa shugabanta, babu kunya a wannan. In ya zube kuma, alkohol ba ya kashe shi, baza shi kawai yake yi ko'ina. Sai an fara da bilic.

Ƙa'idojin magunguna na Amurka da ake kira USP sun raba ayyukan nan biyu: babi na 797 na tsabta, na 800 na magunguna masu haɗari. Ku riƙe lambobin, za su fito a jarrabawa.

Wani ya turo takarda yana tambayar in an ɗauke wuta. Ka dakata da aiki. In ta dawo, ka bar akwatin ya yi aƙalla minti 30 yana aiki, ka sake goge shi, sannan ka ci gaba.