Idan Zoben Tsiya Ya Faɗa Hannun Dodo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na can baya kuna jina? To madalla. Waɗanda ke tsaye a bakin ƙofa ku ƙaraso, ga kujeru nan gaba, ba mai cin ku, dodannin yau duk a takarda suke. (dariya)

Tambayar da aka ba ni wani zai ce ta yara ce, ni kuwa da gaske na ɗauke ta. A labaran ƙirƙira akwai wani irin abu, galibi zobe, wani sa'in takobi ko kambi, wanda ke ba mai shi iko amma yana cin zuciyarsa a hankali har ya lalata shi. Kullum mutum ake miƙa wa abin nan, makiyayi ko jarumi ko basarake. To in ya faɗa hannun dodo fa? Halittar da dama can a lalace take, me ya rage da za a lalata? Dodanni iri huɗu zan kawo, mu zura wa kowanne zoben mu ga abin da zai yi.

Amma sai mun fara sanin yadda zoben ke aiki. Aflaɗon, masanin falsafar nan na Girka, ya kawo labari a littafinsa na Jamhuriya fiye da shekara 2,300 da suka wuce. Wani makiyayi ne a ƙasar Lidiya, yammacin Turkiyya ta yanzu. Aka yi ruwa da girgizar ƙasa, ƙasa ta tsage, ya shiga ramin ya tarar da dokin tagulla mai ƙofofi, a ciki ga gawa wadda ta fi ta mutum girma, da zoben zinariya a yatsa. Ya zare. Ranar da makiyaya suka taru don haɗa rahoton wata na dabbobin sarki, sai ya juya kan zoben ciki wajen tafin hannunsa, ya ji ana maganarsa kamar ba ya wurin. Ya ɓace. Bai ɓata lokaci ba ya nemi a sa shi cikin masu kai rahoto fada, ya yaudari matar sarki, suka kashe sarki, ya hau gado. Ku lura da kyau. Zoben bai koya masa son mulki ba, idon mutane kawai ya ɗauke masa. Irin wannan zobe ba ya zuwa da guzuri, abin da ya tarar a zuciya da shi yake aiki. Ku riƙe wannan.

Na farko shi ne dodon ciki, irin na tatsuniya, wanda ba ya tunanin komai sai me zai haɗiya. Wannan ba zan daɗe a kansa ba. Ka ba shi zoben ɓata, farautarsa ta yi sauƙi, shi ke nan. Zoben zai raɗa masa, ga garuruwa, ga runduna, ga sarauta, shi kuwa ya ce akwai nama a ciki? (dariya) Marubucin nan na Ingila, Tolkien, ya gane haka. A littafinsa na zobe da ya fara fitowa a 1954 akwai wata ƙatuwar gizo-gizo mai suna Shelob, kuma ya faɗa ƙarara cewa ba ruwanta da hasumiya ko zobe, ita dai ta ci. Mai ɗauke da zoben ya faɗa tarkonta, kuma da ba a cece shi ba, da ta zuƙe shi ta bar zoben cikin ƙasusuwa. Wannan zobe ya yi rashin sa'ar uban gida.

Na biyu, jama'a, nan zan zauna, don shi ne ya fi cin raina. Dodo mai taska. Ƙaton macijin nan da ke kwanciya a kan zinariya.

Mutanen Arewacin Turai suna da wani tsohon labari da aka rubuta a tsibirin Aislan a ƙarni na 13, amma ya girmi rubutun, don akwai wani dutse a Ramsund a ƙasar Suwidin da aka sassaƙa hotunansa tun wajen shekarar 1030. Ga yadda yake. Uku daga cikin abubuwan bautarsu suna tafiya, sai ɗaya mai suna Loki ya jefi karen ruwa da dutse ya kashe. Ashe ɗan wani mutum ne mai suna Hreidmar, ya rikiɗa yana kamun kifi. Uban ya ce sai diyya: a cika fatar da zinariya, a kuma lulluɓe ta da zinariya har kada a ga komai. Loki ya je ya kama wani wada mai suna Andwari, ya ƙwace masa dukiyarsa kaf. Andwari ya ɓoye ɗan zobe ɗaya, ya roƙa a bar masa, don da shi zai iya sake tara wata dukiyar. Loki ya fizge. Wadan ya yi baki, ya ce zoben nan sai ya zama ajalin duk wanda ya mallake shi. Aka zo aka tula zinariya a kan fata, uban ya zagaya yana dubawa, sai ya hango gashin baki ƙwaya ɗaya a waje. Gashi ɗaya tak! Ya ce a rufe. Da me aka rufe? Da zoben.

Ku dubi uban nan. An kashe masa ɗa, shi kuwa yana durƙushe yana laluben gashi ɗaya da bai rufu ba. Zoben bai ma taɓa hannunsa ba ya riga ya shiga.

To Hreidmar yana da sauran 'ya'ya biyu, Fafnir da Rejin. Suka ce a ba su rabonsu na diyyar ɗan'uwansu, ya hana. Fafnir ya kashe ubansa, ya kori Rejin, ya kwashi dukiya ya tafi wani fako inda ba kowa, ya kwanta a kanta. Yana kwance, yana kwance, har ya rikiɗe ya zama ƙaton maciji mai fesa dafi. Malam da ke rubutu a nan gaba, ka ja layi a ƙarƙashin wannan: Fafnir ɗan gida ne, mai uba, mai 'yan'uwa. Ba a haife shi dodo ba. Saboda haka in ka tambaye ni me dodo zai yi da zoben, amsar farko ita ce, a labarai da yawa dodon shi ne abin da ya saura bayan zobe ya gama aikinsa. Muna tambaya kamar baƙo ne zai zo wa dodo, alhali zoben ne ya rene shi. Gollum na Tolkien ma haka ne, ya kashe abokinsa a kan zobe, ya shige ƙarƙashin duwatsu kusan shekara 500, kuma iyakar abin da ya yi da abu mafi ƙarfi a duniyarsu shi ne neman abin da zai ci a cikin duhu.

Kuma me Fafnir ya saya da dukiyar? Ba komai. Bai gina gida ba, bai tara bayi ba, bai yi aure ba. Zoben da aka ce yana haifar da dukiya, ba mu ji ya taɓa gwada shi ba. Kaza ce ta kwana a kan dami. Fitarsa ɗaya ce, ya ja ciki ya je ya sha ruwa ya dawo, kullum hanya ɗaya, har ta zama gurbi a ƙasa. Wannan hanyar ce ta kashe shi. Rejin ya reni wani yaro Sigurd, ya ƙera masa takobi, yaron ya haƙa rami a kan hanyar ruwan, ya kwanta ciki, da macijin ya zo wucewa ya soke shi ta ƙasa. Yana shure-shuren mutuwa yana gaya wa yaron cewa zinariyar nan za ta zama ajalinka. Wannan wuri yana taɓa ni ƙwarai. Ya san abin da ke kashe shi, ya sani sarai, amma bai iya tashi daga kansa ba.

Yanzu mu yi namu hasashen. A ce zoben mai rai ne, mai son a yi aiki da shi, ya faɗa cikin tulin dodo irin wannan. Da fari zoben ne ya shiga kurkuku. Shekara ɗari, ɗari biyu, yana ƙarƙashin ƙirjin maciji, ba yatsa, ba fada, ba yaƙi. Amma na ce muku da abin da ya tarar yake aiki. Me zai tarar a zuciyar mai taska? Tsoron ɓarawo. Nan zai kama.

Akwai tsohuwar waƙar Ingila ta Biyowulf, wadda kwafinta ɗaya ne tak ya tsira, na wajen shekarar 1000, har gobarar 1731 ta lashi gefensa. A ciki dodo ya yi shekara 300 kwance a kan taska bai taɓa kowa ba. Wani bawa da ya gudo daga ubangidansa ya faɗa kogon, ya ɗauki kofi ɗaya ya gudu. Dodon ya farka ya san an taɓa. Ya bi duwatsu yana sansana, ya ga sawun ƙafa kusa da kansa, ya fita ya zagaya tudun, ya koma ciki ya sake neman kofin, ya ƙagu dare ya yi. Da dare ya yi ya fita ya ƙone ƙasa, har da zauren sarki. A kan kofi ɗaya, cikin dukiyar da ba ta ƙirguwa.

To wannan ba zobe ke nan. Ku ƙara masa zobe mai raɗa. Sai ya daina barci. Sai ya fara ƙirga, ya kai ƙarshe ya ga kamar da saura, ya koma farko. Digon ruwa a kogo ya zama takun mutum. Daga nan ya ce, me zai sa in jira ɓarawo? Ƙauyen da ke gindin dutse, a can ɓarayin gobe suke girma, bari in ƙone shi. Ya ƙone. Sai ya tuna akwai gari a gaba, su ma sun ji labari. Kun gani? Dodon da ba ya son sarauta, ba ya son kowa ya san da shi, sai ga shi yana cin ƙasashe, duk don ya samu ya koma ya kwanta lafiya. Kuma kowace gobara sanarwa ce: akwai abu a dutsen can da ya isa a yi wannan ɓarna dominsa. Jarumai su ɗauro sirdi. Abin da zoben ke so ke nan tun farko, a zo a fitar da shi. Ya mai da mai gadinsa mai shela.

Ina ganin an ɗago min agogo. Na uku, ko na huɗu muke? Na uku. Shi ne dodo mai hankali da buri, irin ifiritun nan na wuta. Wannan ba wuya. Zai sa zoben a ranar, ya tara runduna, ya nufi wanda ya ƙera shi don ya gaje shi, duniya ta samu azzalumai biyu maimakon ɗaya, talakawa a tsakiya. Abin lura ɗaya ne, shi wannan bai da bambanci da sarkin mutane, illa ya fi tsawo. Tolkien ma a wata wasiƙa ta 1963 ya nuna cewa da mutumin kirki mai ƙarfi irin Gandalf na littafinsa ne ya karɓi zoben, da ya fi mugun da ya ƙera zoben muni, don zai danne mutane yana ganin alheri yake musu. Na ƙarshe kuwa... ga hannu can. Samari, bismillah, a miƙa masa abin magana.

(Mai tambaya: Malam, Allah ya ƙara basira. Kun ce dodon ciki ba ruwansa da zobe. To in ya haɗiye shi gaba ɗaya fa? Ba shi ke nan duniya ta huta ba?)

Kai, Allah ya yi maka albarka. Wannan ta fi na huɗun da na tanada, bari mu bi ta. A duniyar Tolkien an yi haka, cikin zobba bakwai na wadanni huɗu dodanni ne suka cinye su, wutarsu ta gama da su. Amma an ce babban zoben ba wutar dodon da za ta narka shi. To a ce irin wannan ne, ya shiga ciki bai narke ba. Samari, a tatsuniya yaya Dodo ke ƙarewa? Faɗi da ƙarfi. Yawwa, a farke cikinsa. Duk abin da ya haɗiya ya fito, mutane, shanu, kaya. Wa ke riƙe da wuƙar? Jarumin gari. A wace rana? Ranar da ake masa kirari, ranar da kowa ke cewa abin da ka ga dama ɗauka, ka cancanta. Ba ranar da zuciyar mutum ta fi buɗewa irin wannan. Sigurd ma da kunnensa ya ji gargaɗi, ya kuma loda zinariyar a kan dokinsa, zobe da komai, ya tafi, kuma bai mutu a tsufa ba. Saboda haka cikin dodo ajiya ce, ɗan samari, kuma ajiyar da za a miƙa wa wanda ya fi kowa ƙarfi a ƙasar.

Hirodotus, marubucin tarihin Girka, ya kawo mai kama da haka. Folikiratis mai mulkin tsibirin Samos, sa'a ta yi masa yawa har abokinsa Amasis sarkin Masar ya ji tsoro, ya ba shi shawara ya rabu da abin da ya fi so. Ya shiga jirgi ya yi nisa cikin teku, ya cire zobensa mai dutsen zumurrudu ya jefa. Bayan kwana biyar ko shida wani masunci ya kama ƙaton kifi, ya ce wannan sai fada. Masu girki suka farke, ga zobe. Da Amasis ya ji, sai ya aika aka warware abotar, don ya san mutumin nan ba zai ƙare lafiya ba. Wajen shekara ta 522 kafin haihuwar Annabi Isa wani gwamnan Farisa ya yaudare shi ya tsallako, ya kashe shi, ya rataye gawar a kan gungume. Shi wannan zoben ma ba a ce yana da tsafi ba, kifi ne kawai ya haɗiya ya dawo da shi.

Hajiya a layi na uku tun ɗazu hannunta ke sama, a kai mata abin maganar, sai mu ɗauki ɗaya daga baya in lokaci ya bari.