Maƙalar Mace da ta Namiji: Da Mudu Ɗaya Ake Auna Su?

Jama'a, assalamu alaikum. Duk malamin jami'a, a Gusau yake ko a Birnin Kebbi, ya san yawan shiga aji ba ya kawo ƙarin girma. Maƙala nawa ka buga, a wace mujalla, masana nawa suka kafa hujja da aikinka, wannan kwamiti ke dubawa. To, masana tattalin arziki sun binciki gidansu da kansu, don su ga ko mace da namiji da mudu ɗaya ake auna musu.

Erin Hengel ta bi maƙalun manyan mujallun fannin, ta gano rubutun mata ya fi na maza sauƙin fahimta. Da ta gwada daftarin farko da wanda aka buga, sai ta ga tazarar ƙaruwa take yi a hannun masu tantancewa (masanan da mujalla ke ba maƙala su duba kafin a buga), wato mata sun fi shan "koma ki gyara". A mujallar Econometrica kuwa, maƙalar mace kan ƙara watanni tana jiran hukunci. Watannin nan fa da sabon bincike za ta yi da su.

A 2020, David Card da abokan aikinsa uku suka duba maƙalun da aka aika wa manyan mujallu huɗu. Idan aka ɗauki maƙalu biyu da masu tantancewa suka ba daraja ɗaya, ta mata kan samu ambato a rubuce-rubucen wasu masana fiye da ta maza da kusan kashi 25 cikin ɗari. Kada wannan ya ruɗe ku. Abin da yake nunawa shi ne sai aikin mace ya zarce kafin a ce ya yi daidai.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne binciken Heather Sarsons kan aikin haɗin gwiwa. A wannan fanni, a Amurka, bisa jerin haruffa ake rubuta sunayen marubuta, don haka kwamiti ba ya iya gane wa ya ɗauki nauyin aikin. Namiji, ko shi kaɗai ya rubuta ko da wasu, ladansa bai cika raguwa ba wajen tabbatar da shi a kujerarsa. Mace kuwa, in da maza ta rubuta, sai a rage mata, kamar an ɗauka raka su ta yi. In ita kaɗai ce, ko da 'yan'uwanta mata, ragin ba ya bayyana. A ilimin zamantakewa, inda ake jera suna bisa gwargwadon aiki, Sarsons ba ta ga wannan bambanci ba.

Ko lambar Nobel ta tattalin arziki, da aka fara bayarwa a 1969, sai a 2009 mace ta fara samu, Elinor Ostrom. Esther Duflo ta biyo a 2019, sannan Claudia Goldin a 2023.

A nan gida, tsadar tattara bayanai da kuɗin buga maƙala sun sa malamai haɗa kai uku uku, huɗu huɗu, kuma jami'o'inmu da yawa wanda sunansa ya zo farko a jerin marubuta suke ba maki mafi tsoka. Malama, tun kafin ki shiga ƙauyukan Argungu ko Talata Mafara raba takardun tambayoyi, ki zauna da abokan aikinki ku tsayar da jerin sunaye a rubuce, da abin da kowa zai yi.