Kaset ɗin Ɗan Maraya da yaran torotoro

(An ɗauki wannan lacca a wani zaure a Aboabo, Kumasi, bayan sallar isha'i.)

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, iyaye mata da ke can baya, samari, sannunku da zama. An ce in yi magana a kan waƙar da ke tsaya wa talaka, sai na taho da abin nan a aljihu. Kaset ne. Ga yaran gaba suna dariya, ba su san shi ba. Ba suna, ba hoto. Mai kwafi a kasuwar Kejetia ya rubuta "Ɗan Maraya" da jan biro a jikinsa, shi ke nan. Sau biyu zaren yana tsinkewa ina liƙe shi da jan farcen yayata. Duk abin da kunnena ya ji na waƙa, wannan ne nawa.

Mai waƙar sunansa Adamu Wayya. An haife shi a Bukuru kusa da Jos a 1946, ya rasu a watan Yunin 2015, Allah ya jiƙansa. Mahaifinsa mawaƙin Sarkin Hausawan Bukuru ne. Uba ya rasu, uwa ta bi, yaro bai yi wayo ba, sarkin ya riƙe shi. Asalin sunan ke nan. To ku duba: ɗan mawaƙin fada, tashin gidan sarki, ai hanyarsa a share take, ya wasa masu rawani ya karɓi riga. Ban ce bai taɓa yabon manya ba, ya yi, da bakinsa yake ci. Amma abin da ya fito da shi duniya, kuntigi ya ɗauka, gwangwanin kifi da aka rufe da fatar akuya, tsirkiya ɗaya tal, ba 'yan amshi, ya yi wa karen mota waƙa.

Karen mota, jama'a. Sunan ma kawai ya isa. Mu nan met muke ce masa, kuma kowa a zauren nan ya yi faɗa da shi a kan canji. Yana maƙale a ƙofar torotoro, ƙaramar bas ɗin haya tamu ta Ghana, takardun kuɗi a ninke tsakanin yatsu, tun asuba yana kiran Tafo, Tafo, har murya ta dushe. Shi ne wanki, shi ne ɗaurin kaya, shi ne turi in mota ta mutu, dare ya yi ya kwana a kujerar baya yana gadi. Direba ya zage shi, fasinja ya zage shi. Malam, a cikinmu wa ya taɓa tambayar met sunansa na yanka? Wannan yaron Ɗan Maraya ya sa a faifai, har rediyo ta riƙa kiran aikinsa kamar yadda take kiran sarauta.

Na san wani zai ce, ai waƙar bore ita ce ta Fela Kuti, mawaƙin nan na Najeriya. Gaskiya ne, ba na raina shi. Ya yi wa soja waƙar Zombie, a watan Fabrairun 1977 suka ƙone masa gida a Legas, suka jefo mahaifiyarsa ta taga. A 1978 ya rera ta a Accra, rikici ya ɓarke, aka hana shi shigowa Ghana. Namiji ne. Sai dai in Fela na zagin soja, duk muna iya tafi, don ba mu ne sojan ba. Ɗan Maraya kuwa in ya kama auren dole, ko gulma, ko halin ɗan Adam, wanda ake nufi yana zaune a kan tabarmar nan. Baba, a yi mini afuwa, ba kai nake kallo ba.

Kuma kada a ɗauka abin daga Najeriya kaɗai yake zuwa mana. Alhaji Umaru, malami Bakano, ya zauna Salaga, bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya koma Kete-Krachi, can ya rasu a 1934. A ƙasar nan ya bar mana Waƙar Talauci da Wadata cikin ajami, inda ya nuna yadda ake tarbar mai hali da yadda ake kau da kai daga matalauci.

Samarinmu masu situdiyo, ku nake jira. Abin da kuke turo mini a WhatsApp, soyayya ce da mota. Gobe ku je Kejetia da rana tsaka ku tsaya kusa da kayaye, 'yan matan nan daga Arewa, babban kwano a ka, goyo a baya, ku ji nawa ake miƙa musu bayan sun sauke buhu.

Wa ke kusa da rediyon? Sa gefen farko. In ya zo wurin da na liƙa zai ɗan yi tsalle, kada ka taɓa, da kansa zai wuce.