Sharhi: Onana ne matsalar Manchester United, ko an bar jaki ana dukan taiki?

Masu saurare, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau kan Manchester United ne, da muhawarar da magoya bayanta suka tafka a nan jihar Kebbi bayan wasan daren Laraba, 27 ga Agustan 2025, lokacin da Grimsby Town, ƙungiyar da ke rukuni na huɗu a Ingila, ta yi waje da su daga kofin Carabao. An tashi 2-2, aka je bugun fenareti, Grimsby ta ci 12, United ta ci 11.

Daga gidajen kallon ƙwallo na Badariya da Gesse har zuwa teburan masu shayi a Jega da Argungu, hukuncin da aka fi yankewa guda ne: laifin Andre Onana ne. "Wanga gola ba shi kama komi," abin da kunne ke ta ji ke nan. Wasu sun haɗa da 'yan baya gaba ɗaya, wasu kuma sun ce kocin wancan lokaci, Ruben Amorim, ne da taurin kansa.

Ba za mu wanke Onana ba. Ƙwallon farko ta Grimsby ta gefen da yake tsaye ta wuce shi, ta biyu kuwa fitowa ya yi zai kama ya kama iska. Haka ya yi a gidan Lyon cikin watan Afrilun 2025, kuskure biyu, ci biyu. Amma a tuna, ranar 17 ga Agustan 2025 da Arsenal ta ci su ɗaya da nema, ba Onana ne a raga ba, Altay Bayindir ne, kuma daga bugun kusurwa Calafiori ya ci. A Disambar 2024 Son na Tottenham ya murza ƙwallo daga kusurwa ta faɗa ragar Bayindir kai tsaye. Bayan mako guda Matheus Cunha, yana Wolves a lokacin, ya yi wa Onana irinta sak. Gola biyu, ci iri ɗaya. A farkon watan ma Arsenal ta zura musu biyu, duk daga kusurwa. Idan abu ya maimaitu haka, a filin atisaye za a nemi bakin zaren, domin babu wanda aka ɗora wa aikin kare gola daga masu danne shi a kan layi.

Masu kallo sun riga sun haddace abin. Da zarar alƙalin wasa ya nuna kusurwa, za ka ga 'yan Man U sun ɗora hannu a ka tun ba a buga ba, 'yan Arsenal da Chelsea da ke bencin baya kuwa sun miƙe tsaye suna gyara murya.

To amma ga lissafin da ba a cika kawowa a majalisa ba. A kakar 2023/24, ƙarƙashin Erik ten Hag, an zura wa United ƙwallo 58 a gasar Firimiya, ta ƙare ta takwas. A kakar 2024/25 kuwa 54 aka zura mata, wato ƙasa da na kakar da ta gabace ta, amma ta ƙare ta 15 da maki 42, matsayi mafi muni da ta taɓa samu tun da aka fara Firimiya. Abin da ya sauya shi ne cin ƙwallo: daga 57 ya faɗo 44. Rasmus Hojlund, lamba tara, huɗu kacal ya ci. Ƙungiyar da ba ta ci, kuskure guda na gola ya isa ya kashe mata wasa, shi ya sa kowane kuskuren Onana ya riƙa zama labari.

Sai batun tsari, inda a ganinmu nan ciwon yake. A lokacin Amorim na sa mutum uku a baya, biyu a gefe masu hawa da sauka, biyu a tsakiya, sannan biyu a bayan mai cin ƙwallo. Yawancin ƙungiyoyin Firimiya kuwa mutum uku suke zubawa a tsakiya. Kullum biyu na fama da uku. Idan na gefe suka hau aka ƙwace ƙwallo, dole ɗaya daga cikin 'yan baya ya baro wurinsa ya zo ya toshe, sai ƙofa ta buɗe a inda ya bari. A nan ne za ka ga Maguire ko De Ligt na bin ɗan gaba a guje, fuska na kallon ragarsu, mai kallo kuma ya ce ɗan baya ne ba shi da sauri. Tun daga tsakiya aka sayar da shi.

Wasan Newcastle na ranar 30 ga Disambar 2024 a Old Trafford ya isa shaida. Casemiro da Eriksen aka ajiye gaban 'yan tsakiyar Newcastle uku, Guimaraes da Tonali da Joelinton. Kafin minti 20 an ci biyu, a minti na 33 Amorim ya cire ɗan gaba, Zirkzee, ya sa Kobbie Mainoo don ya ƙara mutum a tsakiya. Ashe shi ma ya ga abin da muke gani.

Masu kare Amorim na cewa da wannan tsarin ya ci gasar Portugal sau biyu da Sporting, a 2021 da 2024, kuma a tsakiyar kaka ya karɓi United, a Nuwamban 2024. Gaskiya ne. Sai dai wannan uzurin ya ƙare, tunda kafin kakar 2025/26 ya samu lokacin shiri, babu kuma wasannin Turai da za su gajiyar da 'yan wasansa bayan Tottenham ta doke su a wasan ƙarshe na kofin Europa a Bilbao. An kashe kusan fam miliyan 200 an sayo Cunha (shi dai wancan mai bugun kusurwar) da Mbeumo da Sesko, duk 'yan gaba. Wannan ya amsa matsalar cin ƙwallo a takarda. A tsakiya ko mutum ɗaya ba a sayo ba. Maimakon haka an jawo Bruno Fernandes baya, mutumin da hankalinsa ke kan kai kora, aka haɗa shi da Casemiro mai shekara 33 a lokacin, Mainoo kuma ya yi zaman benci a wasannin lig na farkon kakar.

Ranar Litinin, 1 ga Satumban 2025, aka rufe kasuwar 'yan wasa. Tabbas a lokacin ana buƙatar sabon gola. Amma a wasan Asabar, 30 ga Agustan 2025, da Burnley ta ziyarci Old Trafford, abin da ya kamata duk wanda ya samu wuri a gidan kallo ya yi shi ne ya ɗan ɗauke ido daga raga, ya duba filin da ke tsakanin Bruno da Casemiro a duk lokacin da aka ƙwace ƙwallo daga United, ya ƙirga 'yan Burnley nawa ne ke yawo a ciki babu mai tare su.