Karas da gilashin ido: ina gaskiyar take?

Kwanan nan bidiyoyi sun cika waya, wai ka dage da shan ruwan karas sai ka ajiye gilashinka. To jama'a mu ɗan tsaya a nan, akwai gaskiya a maganar amma an ja ta har ta wuce gona da iri.

Can bayan ƙwayar ido akwai wata shimfiɗa mai kama haske da ake kira retina. A cikinta akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da sanda. Su ke aiki idan haske ya yi ƙasa, kuma ba sa iya kama haske sai da wani sinadari da jiki ke haɗawa daga bitamin A. Binciken wannan ne ya sa masanin kimiyya George Wald ya samu kyautar Nobel a 1967. In bitamin A ya yi ƙaranci dundumi ne ke fara zuwa, duhu na yi mutum ya kama lalube, in abin ya yi nisa ido ya bushe har ya lalace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yara 250,000 zuwa 500,000 ke makancewa duk shekara saboda haka, wallahi abin na taɓa ni, don abu ne da abinci ke iya karewa.

Yanzu ga inda ake kuskuren. Abin da ke cikin karas sunansa beta-karotin, sai ya shiga hanji jiki ya juya shi ya zama bitamin A, hanta kuma ta adana. Kuma a cikin mai yake narkewa, shi ya sa dafaffen karas da ɗan mai ya fi shiga jiki a kan ɗanye da aka gwaigwaya haka nan. Sannan jiki gwargwadon buƙatarsa yake juyawa, in ajiyar ta wadata sai ya rage, kamar tankin mota ne, in ya cika ƙarin fetur ba zai sa ta ƙara gudu ba. Wanda ke da ƙaranci zai ga canji sosai. Wanda ba shi da ƙaranci kuwa, sai dai tafin hannunsa ya koma ruwan lemo, ba cutarwa, yana dainawa zai washe.

Shi kuma mai gilashi saboda rashin hangen nesa, yawanci ƙwayar idon ce ta ɗan yi tsawo, sai haske ya haɗu tun kafin ya kai retina. Matsalar siffa ce, babu abincin da ke gyara ta, don Allah kar ka yar da gilashinka.

Sauran a gurguje. Ganyaye masu duhun kore da gwaiduwar ƙwai suna da lutin, wani sinadari da ke taruwa a tsakiyar retina. Kifi mai maiƙo yana da omega-3, wani nau'in mai da retina ke buƙata. Hanta da madara kuma bitamin A ne kai tsaye, amma mai juna biyu kar ta sha ƙwayoyinsa barkatai, yawansa na iya illata jariri, masu shan taba ma an gano ƙwayoyin beta-karotin na ƙara musu haɗarin kansar huhu.

Mai ciwon suga kuwa, a ganina kula da sugan ya fi masa kowane karas, don yana lalata ƙananan jijiyoyin jinin retina tun kafin ya ji komai, ya riƙa zuwa ana duba masa ido aƙalla sau ɗaya a shekara.